Kwaɗin Mustafa Alasan da Samarin Adar: Shin Majigin Zane Yana Sauya Ra'ayin Siyasa?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin malaman makaranta da ma'aikatan yaƙi da jahilci, watau wai majigin zane na ban dariya, irin wanda yara da samari suke kallo a talabijin da wayar hannu, shi ne yake koya musu raina shugabanni, yana kuma karkatar da ra'ayinsu game da sha'anin mulki. Waɗansu suna faɗin haka da tsoro, suna neman hukuma ta sa ido. Waɗansu kuwa da murna suke faɗi, don suna ganin an sami gajeriyar hanya ta wayar da kan jama'a ba sai an sha wahalar koya musu karatu ba. Duka ɓangarorin biyu sun amince da abu ɗaya tun kafin a bincika, shi ne cewa hoto yana da ikon dasa ra'ayi a zuciyar da babu shi a da. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan zato a kan ayyukan mutum guda, a cikin ƙasa guda. Mutumin shi ne Mustafa Alasan, ƙasar kuwa Adar, domin a birnin Tawa ya kafa zama, can ya buɗe masaukin baƙi, ya mai da waɗansu ɗakunansa wurin sarrafa majigi, har zuwa rasuwarsa a Wagadugu ran 17 ga Maris 2015.

Kafin a shiga, ya kamata a daidaita suna. Waɗanda suka yi lakwal a Nijar sukan ce "desan anime", a hayin Najeriya kuwa "katun" aka fi ji. A nan an zaɓi "majigin zane", saboda kalmar majigi tsohuwa ce a bakin Hausawa tun zamanin da ake kafa farin ƙyalle a dandali, kuma ta isa ta ɗauki zanen hannu da na kwamfuta. Inda aka motsa ƴartsana a maimakon zane, za a ce majigin ƴartsana.

Shugaban jamhuriyar kwaɗi

An haifi Mustafa Alasan a 1942 a N'Dugu. Makanike ne da farko, kuma tun bai taɓa riƙe na'urar ɗaukar hoto ba yake zana hotuna yana haska su da fitila don ƴan'uwansa su kalla. A Yamai ya sadu da Jean Rouch a cibiyar binciken da daga baya ta zama IRSH, daga nan ya tafi Kanada inda ya ƙaro sani wurin Norman McLaren. A 1965 ya fito da La Mort de Gandji, labarin masarautar kwaɗi da fadawanta, sa'an nan a 1966 ya yi Bon voyage Sim, wanda shi ne ginshiƙin wannan nazari.

Majigin bai wuce kamar minti 5 ba, kuma zanen layi ne kawai, ba launi. Sim shi ne shugaban jamhuriyar kwaɗi. An gayyace shi ziyara wata ƙasa maƙwabciya, aka yi masa rakiya, ya hau jirgin sama, aka tarye shi da fareti da duk wata ƙawa da ake yi wa babban baƙo. Iyakar labarin ke nan. Gwanintar tana cikin abin da aka ƙi sakawa. Ba a nuna Sim yana zalunci ba, ba a nuna shi yana satar dukiyar jama'a ba. An dai bar shi yana yin abin da shugabanni suke yi kullum a hotunan labarai, sai dai da jikin kwaɗo. Sojojinsa duk kamar a tukunya ɗaya aka zuba su, motsin wannan shi ne motsin wancan, har mai kallo ya soma tambayar kansa ko faretin mutane ma ya fi haka ma'ana. Ƙarancin kayan aiki, wanda yake tilasta wa mai zane ya riƙa maimaita hoto ɗaya, a nan ya zama shi ne makamin zambo.

Zaɓen kwaɗo ma ba a banza ba ne. Manomin Barmu ko na Kalfu ya san kwaɗo sarai: ruwan farko na sauka sai ya cika tabki da kururuwa, yana kumbura maƙogwaro kamar shi ya kawo damina, rani na yi kuwa a neme shi a rasa. Ba shi da kwarjinin zaki, ba shi da wayon gizo. Wanda ya sa wa kwaɗo rigar shugaba ya gama magana tun bai buɗe baki ba.

Sai a tuna da lokacin. A 1966 jam'iyya ɗaya ce take mulkin Nijar, watau PPN-RDA ta Jori Hamani. An haramta Sawaba ta Jibo Bakari tun 1959, kuma bayan hare-haren 1964 ba wanda yake sukar gwamnati a fili ya kwana lafiya. Cikin Fabrairun wannan shekara ta 1966 ne kuma sojojin Gana suka kifar da Kwame Nkrumah yana kan tafiya a ƙasashen waje, saboda haka ziyarar shugaba ba ƙaramin batu ba ne a kunnen mai sauraron rediyo na lokacin. Alasan bai ambaci sunan kowa ba. Habaici ya yi, irin wanda aka sani, aka bar mai kaza a aljihu da jimrin as.

To, amma ga tambayar da masu yabon majigin ba su cika yi ba: samari nawa ne a Adar suka gan shi? Har farkon shekarun 1970 kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, su suke riƙe da rarraba finafinai a yawancin ƙasashen Afirka renon Faransa, kuma abin da suke kawowa shi ne na kaboyi da na Indiya da na Masar. Gajerun ayyukan ƴan Afirka sun fi samun masu kallo a cibiyoyin al'adu da bukukuwan silima na Dakar da Wagadugu da Turai. Juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, wanda ya kawo Seini Kunce, yunwa ce da fari da batun taimakon abinci suka share masa hanya. Mutanen arewacin Adar, waɗanda dabbobinsu suka ƙare a 1973, ba su bukaci kwaɗo ya gaya musu halin da ake ciki ba.

Amsar da shi mai majigin ya bayar

Abin sha'awa shi ne, Alasan da kansa ya ɗauki wannan tambaya ta tasirin silima a kan samari, ya amsa ta a cikin wani aikin na 1966, Le Retour d'un aventurier, wanda da mutane aka yi shi, cikinsu har da Jingare Maiga da Zalika Sule. Wani saurayi ne ya komo gida daga tafiya da akwati cike da tufafin kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa malafa da takalma, suka ɗauki sunayen da suka ji a silima, suka hau dawaki, suka addabi garinsu da sata da faɗa, har abin ya kai ga zub da jini a tsakaninsu.

Wanda ya kalli wannan fim da gaggawa zai ce ai ga shaida nan, silima tana lalata yara. Amma in an duba da kyau, abin da samarin suka ɗauko daga allo shi ne tufa da suna da tafiya da yadda ake riƙe bindiga. Ƙorafinsu a kan dattawa, da ƙishirwar a san da su, da zaman banza, duk a garin suka same su. Kuma ba allo ne ya shigo da kayan ba. Mutum ne, ɗan gari, wanda ya je ya dawo, abokansa suka yarda da shi. Wannan ita ce fahimta mafi zurfi a cikin fim ɗin, ta kuma dace da Adar fiye da ko'ina, domin ƙasa ce ta masu zuwa biɗa. Da an gama girbi samarin Afala da Takanamat da Bambai da Tamaske sukan kama hanyar Abijan ko Najeriya ko Kamaru ko Libiya. Sa'ad da aka soma aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, mata ne suka fi yawa a wurin ɗaukar duwatsu saboda maza suna can. Ɗan biɗa yakan komo da rediyo a da, yanzu da waya cike da hotuna, amma abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne labarin da yake bayarwa na yadda ya ga ana mulki a can, da yadda ɗan sanda ya yi masa a kan iyaka.

Abin da aka gano a waɗansu ƙasashe

A Amurka, inda aka fi yin wannan gardama, an sha danganta ra'ayin samari da majigin zane kamar The Simpsons, wanda aka soma a 1989, da South Park na 1997. A 2001 ɗan jarida Andrew Sullivan ya ƙirƙiro laƙabin da yake danganta waɗansu matasan jam'iyyar Rifablikan da South Park, watau masu ƙyamar wa'azin ƴan gaba-dai amma ba su da tsantsenin dattawan jam'iyyar. Laƙabi dai ya nuna cewa waɗansu sun ga kansu a cikin majigin. Bai nuna majigin ne ya ƙera su ba.

Binciken da ya fi amfani a nan tsoho ne. A 1974 Neil Vidmar da Milton Rokeach suka tambayi masu kallon wasan All in the Family, wanda aka shirya don a yi wa mai wariyar launin fata dariya. Sai suka tarar masu irin wannan hali a cikin ƴan kallo sun fi son gogan wasan, suna ma ganin shi yake yin nasara a gardama. A 2009 Heather LaMarre da abokan aikinta suka sami kusan haka game da Stephen Colbert: masu ra'ayin riƙau sun fi ɗauka cewa da gaske yake abin da yake faɗi da sigar ba'a. A 2006 kuma Jody Baumgartner da Jonathan Morris suka nuna cewa ɗaliban da aka nuna wa barkwancin The Daily Show a kan ƴan takarar 2004 sun rage ganin girman ƴan takarar duka biyu, sun ƙara shakkar tsarin zaɓe, amma sun ƙara jin cewa sun fahimci siyasa. Waɗannan ukun ba a kan majigin zane aka yi su ba, kuma a kan mutanen da rayuwarsu ta yi nisa da ta Tawa. Duk da haka hanyar da suka nuna ɗaya ce: dariya tana iya rage kwarjini, tana iya ba mutum kalmar da zai kira abin da yake ji, amma da wuya ta ɗauke shi daga wannan ɓangare ta kai shi wancan. A Faransa ma har yau ana musu ko ƴartsanar Jacques Chirac ta shirin Les Guignols de l'info ta taimaka masa a zaɓen 1995, ba a kuwa rabu ba.

Inda ra'ayi yake nuna a Adar

Yi wa mai mulki dariya ba baƙon abu ba ne da majigi ya kawo ƙasar Hausa. Akwai tatsuniyar Gizo da yake damfarar sarki, akwai ƴan kama, akwai tashe, akwai ɗiyan dabo masu wasa da ƴartsana. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari suke kwaikwayon manyan hukuma da kayan karan dawa, wanda Inusa Useini ya ɗauka a fim a 1980. Akwai kuma wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, kamar na Bagobiri da Bazabarme, wanda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan'adam a 2014. Abin lura game da dukan waɗannan shi ne suna da lokaci da iyaka. Yaron da ya kwaikwayi kwamanda yau, gobe zai cire takalmi ya gaishe shi. Dariyar takan sauke nauyin zuciya, wani lokaci ma ita take sa a iya ci gaba da haƙuri da abin da aka yi wa dariyar. Mai tsara manufa da yake zaton duk zambo tawaye ne bai san jama'arsa ba.

A zamanin Kunce hukuma ta gane haka, ta rungumi Samariya, ta mai da ita hannunta a cikin unguwanni. Wasan kwaikwayon Hausa na rediyo da talabijin, irin na ƙungiyar Yazi Dogo a Damagaram wanda Janet Beik ta yi nazari a littafinta na 1987, ya soki cin hanci da son kai na ƙananan ma'aikata a gaban dubban mutane, gwamnati kuwa tana tafa masa. Wannan wasa ya shiga gidajen Adar yadda kwaɗin Alasan ba su taɓa shiga ba, dalili kuwa a fili yake: da Hausa ake yin sa, kuma ta rediyo yake zuwa.

Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 Samariya ta dusashe, fada ta maye gurbinta, watau zaman samari a bakin titi ana dafa shayi ana hira har dare ya raba, abin da Adeline Masquelier ta rubuta littafi a kai a 2019. A fada ake kallon abin da yake cikin waya, kai biyar ko shida a kan allo ɗaya, kuma ba a kallo shiru. Wani zai ce wannan ai wane ne, a fashe da dariya, sunan ya bi mutumin. Ma'anar siyasar ba a cikin hoton take zuwa ba, a wurin ake ɗora masa ita, kuma wanda ya fi baki a fadar shi yake ɗorawa. Tom and Jerry ba shi da jam'iyya, amma ba abin da zai hana a mai da kyanwar ɗan sanda, ɓeran kuwa ɗan kabu-kabu.

Tarihin zaɓe ma yana da abin cewa. Daga 1993 har zaɓen 2021 jihar Tawa ta kasance cibiyar ƙarfin jam'iyyar PNDS, wadda ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, Mahamadu Isufu, ya jagoranta, ya kuma mulki ƙasa daga 2011 zuwa 2021. A cikin waɗannan shekaru abin da samari suke kallo ya sauya sau da yawa, daga gidan bidiyo zuwa tauraron ɗan'adam zuwa waya, amma akwatin zaɓe bai bi sauyin ba. Zumunta da garinsu da wanda ya kawo rijiya ko ɗakin shan magani sun fi allo nauyi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rushe jam'iyyu a Maris 2025 wannan ma'auni ya kau, sai dai a koma ga abin da ake faɗi a hira.

Batun harshe

A nan ne maganar ta shafi masu tsara karatun manya kai tsaye. Cikin majigin ƴartsana na Alasan, Samba le Grand na 1977 ya fi kyawun gani, amma da Faransanci ake ba da labarinsa, saboda haka tsakaninsa da manomin Tabalak sai da tafinta. Kokoa kuwa, inda kwaɗi da hawainiya da tsuntsaye suke gwada ƙarfi a fage, ba ya bukatar kowa ya fassara shi a garin da aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. Ɗan Tawa ya san kirari, ya san laya da surkullen ƴan kokowa, ya san alƙalin da ake zargi, saboda haka dariyarsa tana da wurin sauka. Wannan shi ne aikin Alasan da ya fi kusa da mutanen da ya zauna cikinsu, ko da yake masu sharhi na waje sun fi ambaton Sim.

Yau akasarin abin da ake juyawa zuwa Hausa, ko fim ɗin Indiya ne ko majigin yara, daga Kano yake fitowa, da karin Kananci. Ɗan Adar yana fahimtarsa, amma ba haka yake magana ba. Kamar yadda Bernard Caron ya bayyana a nazarinsa na Adaranci a 1991, a nan "munka" da "sunka" da "anka" ake cewa inda Kano take cewa "muka" da "suka" da "aka", "shina" a maimakon "yana", "yat tahi" a maimakon "ya tafi". Masu barkwancin Kano kuwa sun saba sa karin yamma a bakin baƙauye don a yi dariya. Yaron da kullum yake jin jarumi da Kananci, wawa kuma da irin harshen kakarsa, lalle yana koyon wani abu game da wanda ya isa da wanda bai isa ba. In majigi yana da tasirin siyasa mai ɗorewa a Adar, a nan ya kamata a fara nemansa, gabanin a nemi wace jam'iyya yake yi wa aiki.

Saboda haka mai binciken da ya raba takardar tambayoyi yana cewa "Shin katun ya sauya maka ra'ayi?" ba zai samo kome ba sai abin da ake zaton yana son ji. Abin da zai yi amfani shi ne a nuna Bon voyage Sim a fada uku ko huɗu, a unguwar Bilbis da wani ƙauye na arewa kamar Kawo, a ɗauki muryar yadda samarin za su sake ba da labarin washegari ga wanda bai gani ba: wane suna suka ba kwaɗon, wane karin magana suka jawo, me suka ƙara wanda babu shi a allo. Wannan rubutaccen zance zai yi aiki biyu, ya zama shaida ga masu nazari, ya kuma zama littafin karatu ga ɗaliban yaƙi da jahilci, da harshen da suka sani, a kan abin da ya riga ya ba su dariya.

Ba za a rasa abin koyi a garin ba. Alasan da kansa ya gina fim ɗinsa Deela a kan labarin Albarka Cibau, shahararren mai tatsuniyar Tawa, ya bar muryar mai labarin tana jan hoton. Gidan samari da al'adu na birnin sunan Albarka yake ɗauke da shi, kuma yana da filin da za a iya kafa farin ƙyalle.